Shagon likitan dabbobi na bayan karar Wudil

Shekara uku ina turkar raguna, kuma duk abin da ya sami dabba, allurar ivermectin, maganin tsutsar ciki, nake tsira mata, don haka na ga abokan kiwo suna yi. Da damunar bara 'yan raguna biyu suka rame, ga zawo, a kashinsu kuma ga wasu farare kamar dafaffiyar shinkafa. Na yi allura har sau biyu, shiru. Maƙwabcina ne ya ce in ƙunshe kashin a leda in kai shi tare da ragunan wurin wani likita da ke da shago a bayan karar Wudil.

Shagon ɗan tsukuku ne, benci ɗaya, firji ɗaya, sai warin magani. Na yi kuskuren zuwa ranar Juma'a, ranar kasuwa. Fulani sun cika ƙofa, ba layi, ba yaron shago, wanda ya fi ɗaga murya shi ake fara saurara. Na fi awa biyu a rana. Wannan kam ya kamata ya gyara.

Da ya buɗe ledar bai ko yamutsa fuska ba. Ya ce, "Malam, tsila ce. Allurar da kake yi ba ta taɓa ta, kuɗinka kawai kake zubarwa." Ya auna ƙirjin kowane rago da awo irin na tela don ya ƙiyasta nauyi, sannan ya ba ni albendazole daidai jikinsu. Ya ja min kunne kada in ba tunkiyar da ba ta daɗe da ɗaukar ciki ba, kada kuma in yanka dabba sai kwanakin da aka rubuta a kwalin sun cika.

Abin da ya sa nake wannan rubutu shi ne tambayar da na yi masa a kunyace, ko ta ragunan ce ta kama ni, don ni ma ina ganin irinta a wandona. Ya yi dariya ya ce ta tumaki ba ta kama mutum. Tawa daga naman shanu take. Mai ɗauke da ita ya yi bayan gida a jeji, saniya ta ci ciyawar wurin, ƙwan tsilar da ta haɗiye ya zama 'yan ƙulli farare a naman zuciya da harshe da muƙamuƙi. Kai kuma ka ci balangu ko tsiren da cikinsa bai gasu ba, sai ta girma a hanjinka har ta kai mita biyar ko fiye. Ni da kullum nake azalzalar mai nama ya sauke min da wuri!

Na ce to ya ba ni rabin ƙwayar ragunan. Ya ƙi ƙememe, ya ce in tafi asibiti a duba bayan gidana. Can aka tabbatar, aka ba ni praziquantel, sha ɗaya tak.

Maganinsa ya ɗan fi na masu talla a faranti tsada, amma a inuwa yake ajiye shi, kuma yana nuna maka ranar ƙarewar wa'adi. Ragunan sun murmure kafin Babbar Sallah. Zan koma, sai dai ranar Talata da safe.