Na'urar akufancha mai lantarki: agogonta ne ya saye ni

Wata huɗu ke nan ina aiki da wannan na'ura ta akufancha, wato magani ta hanyar tsira allurai a jiki, kan ɓeraye a ɗakin gwaji. Nakan tsira allura a gurbin Zusanli, ƙasan gwiwa kaɗan, in saita bugun lantarki 2 ko 100 a daƙiƙa. Han Jisheng, wani masanin kimiyya ɗan China, ya nuna kowanne da irin sinadarin rage zafin da yake sa jiki ya saki.

Minti 30 na cika take tsayawa cak. Wannan ya faranta min rai ƙwarai, don in aka ɗau sa'o'i ana bugawa, jikin ɓera kan saba, tasirin ya dushe.

Sai dai ba ta ajiye lokacin farawa. Ɓera kuwa dabbar dare ce, gwajin safe da na magariba ba lalle su zo ɗaya ba. Da hannu nake rubutawa. Wayoyinta ma sirara ne, har an gwigwiye min biyu.