Gidan abincin Hajiya da ya riƙe mu lokacin ambaliya, abin da na gani da idona

Salamu alaikum jama'a. Wani abokina da ƴan fadarsu, wato majalisar samarin unguwa, ke shirin damana ya tambaye ni wa za su ba aikin dahuwa in irin abin da ya same mu a 2024 ya sake zuwa, Allah dai ya kiyaye, sai na ce bari in rubuta kowa ya gani tunda ni na yi sati biyar cur ina amsar abinci daga hannun matar nan. Ba zan kama sunanta ba don ban nemi izininta ba kuma akwai inda zan ɗan taɓa ta, mu dai Hajiya muke ce mata, gidan abincinta na nan cikin garin Maradi ba nisa da babbar kasuwa.

Wanda ke Maradi ranar Juma'a 30 ga Agusta 2024 ba sai an ba shi labari ba. Ruwa milimita 150 cikin awa ɗaya da rabi, gwamna da bakinsa ya ce aƙalla mutum 15 sun rasu, Allah ya jiƙansu da rahama. Gidajen laka suka dinga narkewa kamar sukari cikin shayi, tsohi kuwa sai tada labarin 1945 suke, shekarar da Gulbi ya cinye tsohon gari har aka tashi Maradi aka maido ta bisa tudu. Ni mushe ne, wato malami, a wata lakwal, lokacin ana hutu, kahin gari ya waye azuzuwanmu sun cika da mata da yara da ɗan abin da aka iya tsamowa, wata tabarma wata tukunya wata akuyarta. Bayan kwana biyu kuma ga mutanen ƙauyukan bakin Gulbi, sun taho wajen dangi sun tarar dangin ma ɗakinsu ya zube, to ina za su in ba lakwal ba.

Kwana ukun farko wallahi hauka muka yi ba aiki ba. Ba wai babu masu taimako ba ne, a'a, yawa ma suka yi. Kowace fada ta turo samarinta, an buɗe gurup na WhatsApp kowa na zuba saƙon murya na minti biyar babu mai sauraren wani, rana guda alhazai uku suka aiko da shinkafa duk da azahar har ta yi saura ta lalace, da dare kuma ko loma babu. Mai ƙarhi ya ci sau biyu, tsohuwar da ke can kusurwar aji ba ta samu ba. Wasu kuma hoto kawai ya kawo su, ba zan ce komai ba a kansu.

A nan ne diraktanmu ya ce mu tara kuɗin da ke shigowa wuri guda mu ba mutum ɗaya dahuwa, aka kwatanta mana Hajiya. Na tahi na gaishe ta, ko amsa gaisuwar ba ta gama ba ta ce "Mushe, baki nawa ne?" Na ce Hajiya ai suna da yawa. Ta kalle ni sama da ƙasa ta ce "Ɗana, da yawa ba ta shiga tukunya. Koma ka ƙirgo mini, manya daban, yara daban, masu goyo daban, in ba haka ba ba ni hura wuta." Na ji haushi gaskiya, ni da nake ganin na zo da ciniki. Amma daren nan da kaye, wato littahin rubutu, da bik da hitilar waya muka bi aji aji, muka samu baki 212, kuma kayen nan shi ya zama komai namu daga baya, duk ma'aikatan agajin da suka zo rabon sange ko tabarmi shi suke cewa a miƙo musu. Mu masu boko kwana uku ba mu yi tunanin rubuta sunan kowa ba sai da mai tuwo ta kore mu.

Ba ta tsaya nan ba. Ta ce ba ta ba kowa abinci sai mutum biyu da ta san fuskarsu, kullum su ɗin dai, don ta san wa za ta riƙe in kularta ta ɓace. Ta ce rabo kuma kar samari su yi, a zaɓi mace guda a kowane aji cikin waɗanda abin ya shafa, don ita ta san wa ke kwance da zazzaɓi, wa ya tahi duba kangon gidansa a ajiye masa nasa. "Gida ne ya faɗi musu, hannunsu bai karye ba." Har mata huɗu ta ɗauka cikinsu suna yi mata tsintar wake da wanke-wanke tana biyansu da yamma. Samarin fada da suka rasa abin yi sai muka raba su, wasu jan ruwa da bido, wasu shara da gyaran makewayi, wasu gadi da dare. Tun daga ranar hayaniya ta kwanta.

To abincin kansa. Da sahe koko da ƙosai, masu goyo kuma kunun gyaɗa mai kauri a kularsu daban, wannan ba mu ma roƙe ta ba ita ta ƙara. Da rana shinkafa da wake da mai da yaji, ko dambu, da dare tuwon masara miyar kuka, wani lokaci kuɓewa. Shinkafa da waken dai ba yabo ba fallasa, irin wanda ka sani ne. Amma dambun nan jama'a! Zogale ya ji, tsakin ya turaru bai caɓe ba bai kuma bushe ya shaƙe maka wuya ba, ga ƙuli-ƙuli da albasa da man gyaɗa na gaskiya mai ƙanshi, ranar dambu ko tsohin da baƙin ciki ya hana su cin abinci sai ka ga sun miƙo kwano. Tuwon yana da laushi kuma malmalar babba ce, ba irin ta wasu masu kwangila ba da in suka ji kuɗin sadaka ne sai hannunsu ya ƙanƙance. Tsabta kuwa ban da abin cewa, komai a rufe yake zuwa, kuma ita ta matsa mana sai da muka ajiye buta da sabulu bakin kowane aji, ta ce ba za a yi amai da gudawa a ce tuwonta ne ba.

Yanzu inda ta ba ni haushi, don ba zan ɓoye ba. Lokaci. Hajiya ba ta san agogo ba sam. In ta ce azahar ka sa ran la'asar, kullum da dalili, yau itace ya jiƙe gobe gaz ya ƙare, kuma ba ta da abin ɗaukar kaya nata sai mun nemo adaidaita, ita ma adaidaitar ta je ta kafe cikin laka. Akwai daren da tuwo bai iso ba sai da aka daɗe da isha'i, yara sun yi kuka sun gaji sun yi barci da yunwa, daren nan na kira wayarta ya hi sau goma ba a ɗauka ba. Sai tonka, hannunta na da nauyi, sai da muka yi magana sau uku kahin ta soma ware yajin gefe saboda yara. Bakinta ma akwai zahi, ta wanke wani yaro cikin samarinmu tas gaban mutane don ya maido kula babu marfi, yaron bai sake zuwa ba kuma yana cikin masu ƙoƙari.

Wanda ya hi damuna shi ne sati na uku da ta ƙara kuɗi ba ta gaya mana ba sai wajen biya. Na san komai ya hau a kasuwa lokacin, ban ce ƙarya ta yi ba, amma mu kuɗin mutane ne a hannunmu, ƴan uwa ne ke turowa ta Nita da Amana daga Yamai da Agadas har Abijan, kowace jika sai mun faɗi inda ta shiga, ita kuma Hajiya ba ta san wata aba wai ita takardar shaida ba, lissahinta duk a ka yake. Daidai yake fitowa kam, na gwada ta, amma ka je ka gaya wa wanda ke Abijan cewa lissahi na cikin kan Hajiya.

Duk da haka ga abin da ya sa ba zan iya kushe ta ba. Gwamnati ta ɗage komawa lakwal daga 2 ga Oktoba zuwa 28 ga wata saboda ambaliyar, kenan zaman ya yi tsawon da ba wanda ya zata, masu taimako kuwa bayan sati biyu duk sun ja jiki, gurup ɗin nan mai surutu ya yi tsit. Aka wayi gari ba mu da ko dala. Na je da kunya in ce mata ta dakata, ta ce "Mushe, ni na ce maka na gaji? Jeka, in an samu ka kawo." Kwana huɗu tana ciyar da mutanen nan bashi, kuma malmalar ba ta ragu ba, na lura da kyau.

In tauraro ake badawa huɗu zan ba ta cikin biyar. Abokina, ku ba ta aikin, amma ku tanadi adaidaitarku tun wuri, ku saya mata busasshen itace ku ajiye a ɗaki, ku yanke farashi na sati sati a rubuce gaban shaida, kuma wanda za ku tura wajenta ya zama mai haƙuri da faɗa. Ku je mata da ƙidayarku a hannu.

Har yanzu ina zuwa cin dambu can in albashi ya shigo, kuma har yanzu in ta hango ni sai ta ɗaga murya gaban kowa ta ce Mushe ina marfin kulata guda biyu.