Ƙaramar lasifika mai makirufo da na saya wa ɗana

A Kasuwar Sabon Gari ta Kano na saye ta, saboda ɗana mai cinye ƙarshen magana. Idan na aike shi, sai mai kanti ya yi ta cewa "me ka ce?" Abin yana damuna ƙwarai.

Yanzu bayan isha'i nakan ce, "Zo ka ba ni labarin makaranta." Ya riƙe makirufo, mu naɗi muryarsa a katin memori, mu saurara tare. Da bakinsa yake cewa, "Baba, nan na yi sauri," ya sake faɗa a nutse. Naɗar muryar nan kaɗai ta biya kuɗinta.

Amsa-kuwwar cikinta kam ku kashe, tana dagula haruffa. Cajinta ma ba ya jimawa.