Misin ɗin wuta da misin ɗin mai: amsa ga mai Golf 3

Malam, na ga tambayarka. Ka ce ka taso daga Jega za ka Birnin Kebbi, ana yayyafi, ka sha man bumburutu galan biyu a hanya, kana wuce Kalgo motar ta fara karkarwa tana misin, wato injin yana tsallake bugu. Bakanike ɗaya ya ce wuta ce, wani ya ce mai ne a sauke tanki. Kada ka yarda a sauke komai tukuna. Ciwon biyu ba su kama da juna idan aka natsu.

Misin ɗin wuta yawanci silinda ɗaya yake kamawa. Injin Golf 3 yawanci silinda huɗu ne, idan ɗaya ta mutu za ka ji karkarwar tana tafiya a jere, kamar doki mai ɗingishi, salansa na "fut, fut" a sulo, ga warin ɗanyen fetur a baya. Misin ɗin mai ba shi da wannan tsari. Motar za ta yi sulo lafiya, sai ka taka totur ko ka kama hawa ta shaƙe, ta saki, ta sake shaƙewa, domin duka huɗun ne ke jin yunwa lokaci guda. In taka irin mai nozul ɗaya ce a sama, ko wadda aka mayar kafireto, to daga wuri ɗaya dukansu ke sha, da wuya mai ya kashe silinda guda ya bar uku.

Yayyafin nan shi ya fi ɗaukar hankalina. Motar tana da koyil ɗaya mai ƙarfafa wuta, da delko mai rarraba ta, da wayoyin fulogi. Murfin delko idan ya tsufa yana yin tsaga siririya kamar gashi, da rani ba ka sanin da ita, damina na sauka raɓa ta shiga wuta ta riƙa bin ta. Na taɓa buɗe bonet ɗin tawa da dare a ƙofar gida, na kashe fitila, sai ga shuɗin tartsatsi yana tsalle daga waya ta uku zuwa jikin injin, kas kas. Kwana biyu ina zargin fetur.

Gwajin wuta ba ya cin ko sisi. A bar mota a sulo, bakanike ya riƙa zare wayar fulogi ɗaya bayan ɗaya da filaya mai roba (don Allah ban da hannu, wutar tana fizga sosai). Wadda aka zare injin ya ƙara raunana, tana aiki. Wadda aka zare bai canza ba, nan gawar take. A kwance fulogin a duba bakinsa: jiƙe da fetur, mai na zuwa wuta ce babu. Fari fat a bushe, mai ne ya yi kaɗan. Sai a musanya shi da na silindar da ke kusa, in misin ya bi shi, an kama ɓarawo.

Gwajin mai ya fi ɗan wahala, amma shi ma ba sai an sauke tanki ba. A zare tiyo a tara fetur a farar gora a ajiye minti kaɗan. Ruwa ya fi fetur nauyi, zai kwanta a ƙasa ka gan shi da idonka. Ban raina zargin ba, mun ga abin da gurɓataccen fetur mai metanol ya yi wa motoci a Fabrairun 2022, balle man jarka da ya kwana cikin ruwan sama. In man ya fito tas, a duba filta, sannan famfon mai.

Ni dai da wuta zan fara. In an samu wuta da mai duka lafiya amma silinda ɗaya ba ta tashi, a auna matsin injin, ƙila bawul ya ƙone ko gaskit. Duba ko ruwan lagireto na raguwa, ko farin hayaƙi na fita ko bayan injin ya yi zafi.

Kuma ka daina lodi da ita haka. Ɗanyen fetur yana wanke baƙin man da ke jikin silinda, yana kuma ƙona indomin salansa (matatar hayaƙi) in ba a riga an cire ba. Ka kwance fulogan huɗu ka jera su yadda suke a injin, ka ɗauko mana hotonsu.