Ɗora jadawali mai motsi a kan bidiyo: OpenCV ko Matplotlib da FFmpeg?

Ɗan'uwa, ka ce kana da bidiyon minti 2 na famfon ban-ruwa mai aiki da sola, da fayil ɗin CSV (jerin lambobi a rubuce) na ƙarfin wutar da ka auna, kana so layin jadawalin ya riƙa tafiya a kusurwar bidiyon, don ka nuna wa malamai, kuma kana tambayar wace hanya ta fi: OpenCV, manhajar sarrafa hoto da bidiyo, ko kuwa Matplotlib, manhajar zana jadawali, tare da FFmpeg, manhajar haɗa bidiyo da sauti. Duka biyun na yi aiki da su.

OpenCV ta fi sauri, babu ko tantama. Ka buɗe bidiyon da VideoCapture, ka ɗauko hotunan ɗaya bayan ɗaya, ka ja layi da polylines, ka fitar da VideoWriter. Sai dai ita ba don jadawali aka yi ta ba, layi da siffofi da rubutu take zanawa. Ma'aunin gefe da lambobinsa duk kai za ka lissafa inda za su zauna. Sannan VideoWriter ba ya ɗaukar sauti, don haka ƙarar famfon da bayanin da ka yi da bakinka za su ɓace, sai ka sake liƙa su daga baya.

Matplotlib kuwa aikinta ke nan, ma'auni da lambobi a shirye suke fitowa. Ka adana kowane hoton jadawalin a PNG da transparent=True don a riƙa ganin abin da ke bayansa, FFmpeg ya ɗora su a kan bidiyon da overlay, sautin kuma ka kwashe shi yadda yake da -c:a copy. Matsalarta ita ce rashin sauri. Minti 2 a kan hoto 30 kowace daƙiƙa, hotuna 3,600 ke nan. Ranar da na fara, sabon jadawali nake zanawa a kowane hoto. Fankar kwamfutar ta yi ta kuka, na je na yi la'asar na dawo ko rabi ba ta kai ba. Ka zana shi sau ɗaya, ka riƙa sabunta layin da set_data. Kada kuma ka adana jadawalin a MP4 kafin ka ɗora, domin H.264, tsarin matse bidiyon da aka saba amfani da shi a MP4, ba ya barin a ga abin da ke bayansa, sai ka tarar akwati ya rufe maka famfon.

In ka haɗa su biyun, ka kula: OpenCV tana jera launi BGR (shuɗi, kore, ja), Matplotlib kuma RGB (ja, kore, shuɗi), in ba ka juya su ba jan layi sai ya koma shuɗi.

Abin da ya fi damuna shi ne lokaci. Wayoyi da yawa ba sa ɗaukar hoto 30 cif a kowace daƙiƙa, adadin yakan hau ya sauka. In ka ƙidaya hotuna kawai, layin zai yi tsalle kafin ruwa ya fito. Ka fara daidaita bidiyon da fps=30 a FFmpeg, ka mai da lokacin da hannunka ya danna makunnin famfon ya zama farkon lissafinka a CSV ɗin.

Tunda malamai za ka nuna wa, kuma lambobin za su duba, ni dai Matplotlib da FFmpeg zan ɗauka. OpenCV ka ajiye ta sai ranar da kake so jadawalin ya fito kai-tsaye yayin da kyamara ke ɗauka.