Noctua NH-D15 a zafin Afrilu: 4.9 ta zauna, murfin akwati ya ƙi rufuwa

Ni ba ɗan gem ba ne. Bidiyon biki nake haɗawa, kamu da ɗaurin aure da dina, kuma kwamfutar da nake cin abinci da ita ta kwana biyu: furosesa i5-9600K, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, a kan madabod Z390, babban faifan da komai ke zaune a kai. Tun 2018 Intel suka fito da wannan furosesa, ƙwaya shida masu raba aiki gare ta, kuma idan duka shidan suna aiki tare gudunta a 4.3 GHz yake tsayawa. Kuɗin canza ta da madabod da ram lokaci guda babu, kun san yadda dala take, shi ya sa na koma matse ta, wato ƙara mata gudu, ta cikin bayos, shafin saitin madabod. Zafin da hakan ya jawo ne ya kai ni ga sayen Noctua NH-D15, na'urar sanyaya furosesa.

A Disamba na kai ta 5.0 a kan bolt 1.35, da wata 'yar na'urar sanyaya ta ruwa mai fanka ɗaya da na saya hannu. Ta wuce Cinebench, ta yi awa guda a Prime95 (manhajojin gwajin juriyar furosesa ne), na ɗauki hoton allo na tura wa abokai a WhatsApp ina cika baki. Ashe hunturu ne yake yi min aikin. Lokacin da safe sai da rigar sanyi nake shiga shago.

Sai Afrilu ta zo da nata. Wani daren Alhamis ina fitar da bidiyon dina na awa biyu da rabi, wanda na yi wa uwar amarya alkawarin za ta karɓa kafin masallacin Juma'a, domin 'yan uwanta da za su koma Zinder da shi za su tafi. An ɗauke wuta tun magariba, janareta ke ci, fankar sama iska mai zafi kawai take juyawa. Aikin ya kai kashi 93 sai allo ya yi shuɗi: WHEA_UNCORRECTABLE_ERROR. Na ce tsautsayi ne, na sake sawa. Karo na biyu ko shuɗin ban samu ba, komai ya daskare, linzami ya ƙi motsi. Na uku na buɗe HWiNFO, manhajar da ke nuna zafi, a gefe na zuba ido, ina kallon ƙwayoyin nan suna hawa digiri 96, 98, har 100, wanda nan ce iyakar da furosesar take fara rage gudu da kanta don kada ta ƙone. Ƙarfe ɗayan dare ga wayar Hajiya: "Ɗana, ina fatan dai an gama?" Na ce, "Saura ƙiris, Hajiya, in sha Allahu." Gumi har cikin ido. Na shiga bayos na mayar da komai yadda ya zo daga kamfani, na zauna gadi har kiran sallar farko. Man da na ƙona a daren nan ya cinye rabin ribar aikin.

Abin da ban gane ba a da shi ne zafi da bolt jan juna suke. Ka ƙara bolt kaɗan zafi ya yi tsalle, domin wutar da take ci ba ɗaya bayan ɗaya take hawa ba, bolt sau bolt ne. Furosesar da ta yi zafi kuma bolt ɗin da ya ishe ta jiya ba ya isar ta yau. Duk digirin da ɗaki ya ƙara, kusan shi za ka gani ya ƙaru a kanta. Wanda ya gwada tasa a ɗaki mai digiri 22 a Turai ya rubuta lambobinsa, kai kuma ka kwafa a Kano ana 40 a waje, kai ka jiyo.

Gaskiya da aka ce min in sayi NH-D15, na'urar sanyaya ta iska, in jefar da ta ruwa, raina maganar na yi. Sai da kwalin ya iso na ga abin da ake nufi. Hasumiya biyu, bututun jan zafi shida, fanka biyu manya na milimita 140, nauyi ya haura kilo ɗaya. Kalar kuwa sai ka ce shayin mai shayi da aka cika wa madara, yaron shagona har dariya ya yi. 'Yan Ostiriya masu ƙera ta dai sun ce haka suke so. Ɗaurawa ba wuya, sukuru biyu ne masu sifirin a ƙarshe, kuma doguwar sukundireba tana cikin kwalin.

Abin da babu a cikin kwalin shi ne man shafawar da ya kamata ya zo da shi, NT-H1, wanda ake sawa tsakanin furosesa da na'urar don zafi ya wuce. An buɗe kwalin an sake liƙewa da salatif, kowa ya gani ya sani. Na kira mai kayan. "Wallahi, maigida, haka ya zo mana, amma zan duba maka." Yau wata biyu yana dubawa. Na sayi wani man daban, ɗigo ɗaya kamar ƙwayar wake a tsakiya, na ɗaure.

Da na kunna sai na leƙa ciki don in tabbatar fankokin suna juyawa, saboda ban ji komai ba. Tsohuwar tawa famfonta kuka yake kamar sauro a kunne. Wannan bidiyon dai na Hajiya na sake fitarwa don gwaji, da azahar tsaka, zafinta bai wuce digiri 78 ba. Na tashi na zaga shagon ni kaɗai.

Sai kwaɗayi ya dawo, na ce to 5.0 ɗina. A 1.35 zafin ya sauka sosai, amma minti arba'in a Prime95 ƙwaya ɗaya ta fitar da kuskure ta tsaya. A 1.38 ta riƙe, sai dai ga zafin digiri 95 ya dawo, ni kuma ba na sha'awar sake ganin wannan lambar. Akwai dabarar da masu nuna hoton 5.0 ba sa faɗa: suna sa ragin AVX, wani saitin rage gudu a bayos, biyu ko uku, wato da zarar aiki mai nauyi ya zo furosesar ta sauka 4.8 ko 4.7 a ɓoye. Fitar da bidiyo kuwa irin aikin nan ne. To me na yi ke nan? Na bar ragin a sifiri, na sa 49 sau 100, wato gudun 4.9, bolt 1.31. Wurin da ya fi ba ni wahala LLC ne, saitin bayos da yake tare bolt kada ya zube idan nauyi ya hau. Na ƙure shi sama, bolt ya riƙa wuce abin da na rubuta. Na sauke shi ƙasa, shuɗin allo. A tsakiya ya zauna. Awa takwas a Prime95, awa biyu a OCCT, wata manhajar gwajin, mafi girman zafin da na gani digiri 89, kuma biki bakwai na fitar tun daga lokacin ba ta yi tari ba.

Yanzu ga inda raina yake ɓaci duk safiya idan na buɗe shago. Murfin gefen akwatin yana jingine da bango. Tsayin na'urar milimita 165 ne, akwatina 160 yake ɗauka, ram ɗina kuma dogaye ne masu fitila, dole na ɗaga fankar gaba sama, tsayi ya ƙaru. Duk wannan a rubuce yake a shafin masu ƙera ta, ni ne ban ɗauki tef na auna ba. Amma na tambayi mai kayan nan da bakina, ya ce min, "Kowane akwati take shiga, maigida." Wanda ya cire man shafawa, me zai hana shi faɗin haka. Shagon a bakin titi yake, duk sati biyu sai na fitar da ita waje na busa ƙura daga tsakanin faifan ƙarfen, kuma hunturu bai ma zo ba tukuna.

Idan na zauna na yi lissafi kuma sai jikina ya yi sanyi. Daga 4.3 zuwa 4.9, aikin awa ɗaya ya koma kamar minti 53. Kuɗin na'urar, da man, da akwatin da dole in saya nan gaba, duk a kan minti bakwai. Wani abokina ya ce da na haɗa na nemi furosesa mai ƙwaya takwas ta hannu, kuma ban iya musa masa ba. Abin da nake rarrashin kaina da shi, garantin shekara shida ne da ita, ba famfo ba ruwa, in na canza madabod da ita zan tafi.

Jiya na sa wani kamu na awa uku da ƙarfe goma na dare, na kulle shago na tafi gida na kwanta. Da safe na tarar ya gama. Na ɗauki buroshi na share ƙurar da ta kwanta a kan fanka, na sake kiran mai kayan a kan man nan. Bai ɗauka ba.