Shagon tura fim na bakin layinmu

Jiya na kai memori shagon tura fim na bakin layinmu na ce a cika min da na barkwanci zalla, wallahi yaron ya san aikinsa, foldar marigayi Ibro daban, ta Bosho da Daushe daban. Nan fa musu ya kaure a kan benci, wani wai Bosho ne na ɗaya, na ce haba malam, tun da Ibro ya rasu a 2014, Allah ya jiƙansa, ba a yi kamarsa ba. Matsalar dai tsofaffin finafinan hotonsu ya dushe, wani ma magana na riga baki fita. Amma kuɗin ba tsada, zan koma ran Juma'a.